Ana iya haɗa dodon koɗi da kifin betta a ƙaramin tanki?

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ka saya wa 'yarka kifin betta namiji guda ɗaya wata biyu da suka wuce, yana cikin tankin gilashi mai cin lita 12, yanzu gansakuka ta fara kama jikin gilashin, kuma mai shagon da ka sayo kifin ya ce ka ɗauki manyan dodon koɗi guda biyu irin masu ruwan ɗorawar nan su riƙa share maka tankin. Kana tambaya ko kifin zai kashe su, ko kuma su ne za su cutar da shi.

Toh a taƙaice ana haɗa su, ni kaina na daɗe ina haɗawa, amma dan Allah kar ka sayi waɗannan biyun da aka ce maka, ba a lita 12 ba. Ba wai faɗan kifin ne ya fi damuna ba ma, ruwan ne ba zai ɗauka ba. Bari in yi maka bayani a tsanake domin maganar tana da ɗan tsawo.

Shi wannan kifi asalinsa daga ƙasar Tailan yake da maƙwabtanta, a fadamun shinkafa da ƙananan tafkuna marasa zurfi yake rayuwa, mutanen can suna ce masa pla kat wato kifi mai cizo, kuma a 2019 ma gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Shekaru aru-aru suna kiwonsa suna zaɓen masu zafin rai saboda a haɗa su faɗa, shi ya sa har yau namiji ba ya son ganin wani namiji a gabansa. Yana da wata gaɓa a cikin kansa da take ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, kaga wannan baiwar ce ta jawo masa wahala, tunda ba ya mutuwa da wuri a ruwa mara kyau sai 'yan kasuwa suka mai da shi kifin kofi da kwalba. Rashin mutuwa daban, jin daɗi daban. Mu masu kiwo abin da muka tsaya a kai shi ne betta ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 19 zuwa 20, wato jarka guda cur. Naka 12 ne a rubuce, in ka cire wurin da tsakuwa ta cinye da kayan ado da ɗan filin da ake bari a sama, da ƙyar ruwan ciki ya wuce lita 10. Idan kana son sanin ainihin girman tanki ka auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su ka raba da 1000, misali 40 da 25 da 25 zai ba ka lita 25.

Yanzu maganar dodon koɗin. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuma masu shago ba sa faɗa, shi ne dodon koɗi ba tsintsiya ba ne, dabba ce mai ci tana kashi. Duk gansakukar da ya kankare a gilashi ba ɓacewa ta yi ba, ta bi ta cikinsa ta fito ta zauna a ƙasan tanki, daga nan ta ruɓe ta zama amoniya, ita kuma amoniya guba ce ga kifi, tana ƙona masa matattarar numfashi tana zagwanyar da fuka-fukansa. A tankin da ya zauna da gindinsa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune cikin soson filta da jikin tsakuwa, su ne suke juya amoniya ta koma naitarait, wasu kuma su juya ta ta koma naitaret mai sauƙin illa wadda kake ragewa duk lokacin da ka canja ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu ana ɗaukar sati 4 zuwa 6. Idan babu filta a tankinka kwata-kwata toh ka ajiye maganar dodon koɗi tukuna, ka nemi ƙaramar filtar soso wadda ake haɗawa da famfon iska, ita ta fi dacewa da betta don ba ta tunkuɗa ruwa da ƙarfi, shi da wannan doguwar jelar tasa ba ya iya kokawa da igiyar ruwa.

Waɗanda aka nuna maka masu ruwan ɗorawa su ne ake kira mystery, 'yan asalin Kudancin Amurka ne, sunansu na kimiyya Pomacea diffusa. A shago za ka gansu ƙanana, ko ƙwallon goruba ba su kai ba, amma suna girma har santimita 5, kuma wallahi suna da ci, kashin guda ɗaya ya fi na kifin naka yawa nesa ba kusa ba. Sannan ba su cika ƙwarewa a kankarar gansakuka ba, abinci suke so a ba su, alayyafo da kokwamba da kabewa da aka ɗan tafasa. Abu na biyu suna da dogayen ƙahonni masu laushi da suke kaɗawa a ruwa, ga wani bututu da suke miƙawa sama su shaƙi iska, a idon betta wannan tsutsa ce kawai take rawa a gabansa. Na taɓa yin wani jan namiji a tanki mai lita 30, na saka masa mystery guda, kwana biyun farko lafiya lau, rana ta uku da safe na tarar ƙaho ɗaya ya koma rabi, kuma na zauna na ga yadda yake yi, zai laɓe a bayan ganye ya jira dodon ya saki jiki ya fito da kai, sai ya zo a guje ya fizga. Ƙahon yana sake tohowa, ba wannan ne abin tsoro ba, abin tsoron shi ne dodon ya daina fitowa, ya rufe marfinsa ya kwanta wuri ɗaya yini guda bai ci komai ba, a haka yunwa take kashe shi a hankali kai kana ganin kamar barci yake. Ranar na cire shi na mai da shi wani tankin. Har yau in na tuna yadda ya kwana uku kafin ya yarda ya fito da kansa gaba ɗaya sai in ji ba daɗi.

Kuma guda biyun da aka ce ka ɗauka, in aka dace mace da namiji ne, wata rana za ka buɗe murfi ka ga curin ƙwai manne a sama da ruwa, launinsa kamar ruwan hoda, cikin sati 2 zuwa 4 su ƙyanƙyashe ka samu gomman 'ya'ya. Ko mace ɗaya ka saya tana iya zuwa da ajiyar maniyyin namiji tun daga shago ta yi ta saka ƙwai har watanni. Sauƙin abin dai curin a fili yake, kana iya ɓamɓare shi.

Wanda ni zan ba ka shawara shi ne nerite, guda ɗaya tak. Ƙarami ne, bai cika wuce santimita 2 da rabi ba, wanda ya fi yawa a shaguna shi ne mai zanen baƙi da ɗorawa kamar jakin dawa, danginsa ana samunsu a bakin koguna na gabashin Afirka, wajajen Kenya da Tanzaniya da Mozambik. Dalilin da ya sa ya dace da betta a jikinsa yake. In yana tafiya kusan duk namansa yana ƙarƙashin ƙoƙon bayansa, ƙahonninsa gajeru ne sirara, ga marfi mai tauri, kifi zai zo ya buɗe masa kunnuwa, wato marfin matattarar numfashinsa, ya zagaya shi ya ɗan tsakure shi sau ɗaya sau biyu, da ya ga babu wurin kamawa sai ya gaji ya kama gabansa. Kuma a wajen cin gansakuka ban ga kamarsa ba, musamman wannan ƙasa-ƙasar da take fara fitowa a sabon tanki kamar ƙura, in ka duba gilashin da safe za ka ga sawun bakinsa layi-layi kamar an ja ƙaramin mataji a wurin. 'Yarka za ta ji daɗin kallon wannan, ka nuna mata ta ɗaya ɓangaren gilashin ta ga bakin yana buɗewa yana rufewa.

Ba ya cika tanki da 'ya'ya, saboda 'ya'yansa sai a ruwa mai gauraye da gishiri suke rayuwa. Amma in mace ce za ta yi ta liƙa ƙananan fararen ƙwai masu kama da riɗi a jikin itace da duwatsu, suna da taurin cirewa, wasu abin yana ɓata musu rai, ni dai ban ɗauke shi komai ba.

Sai dai nerite yana da nasa sharuɗɗan kuma nan ne mutane suke kashe shi ba su sani ba. Yawancinsu daga daji ake kamo su, ba su san abincin gwangwani ba, da yawa ko ka jefa musu ƙwayar abinci ko ganye ba za su kula ba, gansakuka kawai suka sani. Ƙaramin tanki irin naka cikin sati biyu zai iya lashe shi tas, daga nan yunwa. Shi ya sa na ce ɗaya, kar ka ga suna da kyau ka ɗauko uku. Dabarar da nake yi ita ce ina da wata roba a bakin taga da na zuba ruwa da 'yan duwatsu masu santsi a ciki, rana tana dukansu suna yin kore, duk bayan kwana biyu uku in ɗauko ɗaya in saka masa in mai da wanda ya cinye cikin robar. Ka dai lura da robar kar ta zama gidan sauro, ko ka rufe ta da raga. Sannan ka daina goge gilashin baya da na gefe, na gaba kawai za ka riƙa gogewa, sauran gonarsa ce. Abu na biyu yana da yawon tsiya, a inda ya fito ruwa yana ƙaruwa yana janyewa don haka fita daga ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinsa, dole tanki ya kasance da murfi mai kyau ba ɓaraka, dama shi ma betta yana tsalle. In ka wayi gari ba ka ganshi ba ka duba bayan tebur da ƙasa, in ka same shi a bushe kar ka yar, ka mai da shi ruwa, suna rufe marfi su jure awanni masu yawa. In kuma ka ganshi ya faɗo a rigingine ka juya shi da hannunka, wani lokacin ba ya iya tashi da kansa.

Akwai ƙananan da suke zuwa ba a gayyace su ba, ƙwansu yana maƙalowa a jikin shukar ruwa, masu naɗi kamar ƙahon rago da wasu 'yan mitsi-mitsi masu sheƙi, da dogayen nan masu tsini da suke shiga cikin yashi sai dare su fito. Ba sa cutar da kifi. Yawansu awon abincin da kake zubawa ne, in ka ga sun yi yawa toh hannunka ne ya yi nauyi. Wasu betta ma suna cinye jariransu.

Yanzu ga maganar da ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci, kuma ita ce ta shafe mu a nan kai tsaye. Na san da an ji tsadar dodon shago wani zai ce ai ga su nan birjik a kududdufin bayan gari da bakin dam da magudanan noman rani, me zai hana in kwaso kyauta. Dan girman Allah kar ka yi. Cutar tsargiya, wadda take sa yara fitsarin jini, ta cikin dodon koɗin ruwan nan namu take bi. Akwai jinsin Bulinus mai ɗauke da ta mafitsara, akwai Biomphalaria mai ɗauke da ta hanji, kuma a ido kamarsu ɗaya da ƙananan nan na tanki da na ambata yanzu, shi Biomphalaria naɗinsa irin na ƙahon ragon ne sak. Ƙwan cutar yana shiga ruwa ta fitsari ko bayan gidan mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon ya hayayyafa, sai tsutsotsin da ido ba ya gani su riƙa fita cikin ruwa, kuma ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke huda su shiga. Ka duba fa, kai za ka tsoma hannu kana canja ruwa, yarinya za ta tsoma hannu tana wasa. Dodon da aka haifa a tanki tsara bayan tsara ba shi da wannan matsalar saboda zagayen cutar ya yanke, na daji kuwa ba ka da yadda za ka tantance. Haka kainuwa ko wata shukar da aka tsinko daga tafki, dodanni suna maƙalewa a saiwarta. Wanda ya riga ya yi haka kuma ya ga alamar jini a fitsari ya je asibiti, akwai magani.

Ɗaya gefen kuma kar ka zubar da dodon tanki ko ƙwansa a kwata ko rafi in ka gaji da shi. Wani ɗan'uwan mystery ɗin nan, Pomacea canaliculata, an kai shi Asiya wajajen 1980 da niyyar kiwo don ci, ya kuɓuce ya zama annoba a gonakin shinkafa na Filifin da maƙwabta, yana cinye dashe tun yana ƙarami. Tarayyar Turai ta hana shigo da duk jinsin Pomacea a 2012 bayan wani danginsa ya ɓulla a gonakin shinkafar Sifen, kuma a 2020 an gano shi canaliculata ɗin a yankin noman shinkafa na Mwea a Kenya. Mu da muke da Kadawa da fadamun Kebbi da Haɗejiya bai kamata a ce ta hannun mai kiwon kifin ado irin wannan ta shigo ba. Curin ƙwai in ka cire ka murƙushe shi ko ka daskarar a firiza kafin ka jefa a shara.

Sai ruwa. Ƙoƙon dodon koɗi da sinadarin kalsiyam aka gina shi, ruwa mai tsami yana cinye shi a hankali, za ka ga tsinin bayan ya fara fari yana ramuka. Ana so awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kasance 7 zuwa sama kaɗan, betta na gida yana zama lafiya a 7 zuwa 7.5 don haka a nan suka haɗu. Ruwan rijiya da na burtsatse ya danganta da unguwa, wani mai nauyi ne wani ba haka ba, ka nemi 'yar takardar gwaji a shagon kifi ka auna. Ruwan famfo dole ka saka maganin kashe kulorin. Ruwan leda da ruwan sama yawanci ba su da ma'adinin da dodo yake buƙata, in da su kake amfani ka wanke ɓawon ƙwai ka tafasa ka cire fatar cikin ka daka ya yi laushi, ka zuba ɗan kaɗan. Masu kiwon betta suna son saka busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faɗin ganye da ake shukawa don inuwa yara suna fasa ƙwallonta, yana da kyau ga kifin amma yana ƙara wa ruwa tsami, in akwai dodo rabin ganye ya isa.

Magani kuma ka kiyaye. Duk maganin kifi da aka rubuta akwai sinadarin tagulla a ciki, wato kofa, yana kashe dodon koɗi ko da kaɗan ne, kuma yana maƙalewa a tsakuwa ya daɗe. Wasu magungunan tsutsa ma haka. In kifi ya yi rashin lafiya ka ware shi a wata roba mai tsabta ka yi masa magani a can.

Zafin ruwa ana so digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyas. A nan matsalarmu kala biyu ce, lokacin hunturu a Disamba da Janairu ruwan lita 10 yana yin sanyi ƙarara cikin dare, za ka ga kifi ya kwanta a ƙasa ya tsuke jela ya ƙi ci, dodon ma ya daina motsi, hita mai wat 25 ta isa, in an ɗauke wuta ka lulluɓe tankin da bargo. Lokacin bazara kuma a Afrilu ruwan yana iya haura 30, ka kawar da shi daga taga, ka bar fanka tana kaɗa saman ruwan ta cikin murfin raga. Duk wannan hawa da saukar ya fi tsanani a ƙaramin ruwa, shi ya sa nake ta nanata maka maganar lita 20, babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙo, mutane suna ɗauka akasin haka ne.

Ranar da za ka kawo shi ga yadda nake yi. In ciyar da kifin ya ƙoshi, in ɗebe shi a kofi in ajiye gefe, in ɗan sauya wa kayan cikin tanki wuri saboda ya ji kamar sabon gida ne ba yankinsa aka shigo ba. Dodon kuma in bar shi a roba da ruwan da ya zo da shi ina ƙara masa ruwan tanki cokali-cokali kamar minti 30, sannan in ɗauke shi da hannu in ajiye shi a kan cikinsa, ruwan shago ba ya shiga tankina. In mai da kifi in kashe fitila. Kwana uku na farko ka sa ido sosai. Buɗe kunnuwa da zagaye da leƙe duk ba komai, abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya riƙa binsa yana cizo ba ƙaƙƙautawa, ko yana tunkuɗo shi daga gilashi. Halin betta ba ɗaya ba ne, na ga wanda dodo yake bi ta gefensa yana kwance a ganye ko motsi bai yi ba, na ga wanda ko inuwar yatsa ba ya ƙyalewa, kuma hali zanen dutse ne, in naka irin na biyun ne ba horon da zai canja shi. Don haka tun kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shago ko zai karɓa in ba su daidaita ba, ko ka tanadi wata roba mai murfi.

In dodo ya kwana biyu wuri ɗaya bai motsa ba ka ciro shi ka shinshina. Mai rai warin ruwa da ƙasa kawai za ka ji kuma marfinsa a ɗame yake, mataccen kuwa ba sai an faɗa maka ba, ɗoyinsa ba ya ɓuya. Ka cire shi nan take ka canja rabin ruwan, domin mushen dodo ɗaya a lita 10 yana iya kashe kifi cikin dare guda.

Game da gansakukar da ta sa ka fara wannan tunanin, tun kafin dodo ya zo kana iya rage ta. Fitila kar ta wuce awa 6 zuwa 8 a rana, hasken rana kar ya riƙa dukan gilashi kai tsaye, abinci ƙwaya 3 ko 4 safe da yamma, kuma a samu mutum ɗaya a gidan da yake ba shi, don na san yadda yara suke, kowa ya wuce sai ya barbaɗa. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da siririn tiyo kana bin ƙasan tsakuwa, a lita 12 ma gara sau biyu a sati. Soson filta da tsohon ruwan tanki ake matse shi, ba a kai shi bakin famfo. In ka samu halin canja tanki zuwa lita 20 ko 25 ka kwashe tsakuwar da soson ka mai da su sabon yadda suke ba wanki, ka ba shi sati uku gilashin ya ɗan yi dauɗar kore, sannan ka je ka zaɓo nerite ɗinka, ka ɗauki wanda ka gani manne da gilashi yana tafiya, ba wanda yake kwance a ƙasa ba. Ka turo min awon tsawo da faɗin tankin da kake da shi yanzu da irin ruwan da kuke amfani da shi, a gaida 'yar tamu.